Lasisin kujera a sabon filin tseren motoci: me kuɗinka ke saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Amurka. Ana gina sabon filin tseren motoci, an ce in biya kuɗin lasisin kujera tun kafin a buɗe. Shin tikitin shekaru ne nake saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba tikiti ba ne, kuma a nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Lasisin, wanda ake taƙaita sunansa da PSL, haƙƙi ne kawai na cewa kujera mai lamba kaza taka ce, kai za a fara sayar wa tikitinta kowace shekara. Kamar rumfa ce a sabuwar kasuwa: ka biya an rubuta sunanka, kuɗin haya kuma yana nan daban. Masu filin suna karɓar kuɗin da wuri ne domin su ƙarasa gini. A yawancin yarjejeniyoyi, shekarar da ka ƙi sayen tikiti lasisin ya faɗi, kuma ba a mayar maka da ko sisi.

Dubi filin Circuit of the Americas da ke Austin a jihar Texas, wanda ya fara karɓar Formula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya, a Nuwamban 2012. Ya sayar da lasisi na shekara 15, daga dala 1,000 zuwa 5,000 kowace kujera, alhali yarjejeniyarsa ta farko da Formula 1 ta shekara 10 ce. Wannan giɓin shi ne abin dubawa kafin komai. An sabunta yarjejeniyar daga baya, masu lasisi suka tsira, amma ba ko'ina ake dacewa ba. Filin Buddh na Indiya tseren Formula 1 uku kacal ya gani, 2011 zuwa 2013. Na Yeongam a Koriya ta Kudu huɗu. A Hanoi ta ƙasar Vietnam kuwa an gina hanyar tseren domin 2020, ba a taɓa yin gasar ba. Ko a Austin ɗin sai da aikin gini ya tsaya a ƙarshen 2011 saboda saɓani kan kwangila.

Yi lissafi da kanka. A ce lasisin dala 3,000 ne na shekara 15: dala 200 ke nan a kan kowane tikiti na shekara. Idan gasar ta tashi bayan shekara 3, dala 1,000 ka ɗora wa kowane zuwa.

Kafin ka sa hannu, nemi a nuna maka a rubuce abin da zai faru da kuɗinka idan ba a gama gini ba, ko babbar gasar ta koma wani gari. Mafi aminci shi ne kuɗin ya zauna a asusun amana har a buɗe filin. Maganar baki ta ɗan talla ba hujja ba ce. Da ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Rams ta bar birnin St. Louis a 2016, sai da masu lasisi suka kai ƙara kotu kafin aka sasanta a kan dala miliyan 24. Tambayi kuma ko an kayyade yadda farashin tikiti zai riƙa tashi, domin in babu iyaka, an ɗaure ka da abin da ba ka san kuɗinsa ba. Sai batun sayarwa ko gado: wasu filaye suna hana canja suna a shekarun farko, ko su caji kuɗi a kai.

Ita kanta kujerar, kada hoton kwamfuta ya ruɗe ka. Babbar rumfar da ke fuskantar garejin motoci ta fi tsada, kana ganin tashi da canjin taya, amma motocin wucewa suke kamar walƙiya. Kusa da kwana mai tsanani, inda direbobi ke taka birki, a nan ake ƙwace matsayi. Tambayi ko layinka yana ƙarƙashin rufi, kuma ka guji layukan ƙasa, domin ragar kariya tana tare ido.

A ganinmu, idan ba kowace shekara za ka je ba, tikitin gama-gari ya ishe ka.