Shekara uku ina jiran alama daga Ubangiji

Tambaya: Baba, ni malamin makaranta ne, shekaruna 41, ina da mata da 'ya'ya uku. Tun ranar da na je gidan yari duba wani ƙanena, zuciyata ba ta bar wurin ba. Ina ji kamar Allah yana kira na in yi hidima a cikin fursunoni. Na yi azumi, na roƙi mafarki ko wata alama, shekara uku ke nan shiru. Ina tsoron in ajiye aiki in jefa iyalina cikin wahala, ina kuma tsoron in zama mai rashin biyayya. Ta yaya zan tabbata muryar Allah ce?

Amsa: Ɗana, sau biyu na karanta wasiƙarka, na ga ka ɗaure abubuwa biyu da igiya guda. Zuwa wurin fursunoni daban, ajiye aiki daban. Bari mu kwance su.

Na farkon ba ya bukatar mafarki, domin a rubuce yake tun kafin a haife ka. A Matiyu 25:36 Yesu ya lissafta ziyarar wanda ke kurkuku cikin abubuwan da ya ce shi kansa aka yi wa. Ibraniyawa 13:3 kuma ta ce mu tuna da ɗaurarru kamar tare aka ɗaure mu. Abin da Allah ya riga ya faɗa a sarari, ba sai ya sake raɗa maka a kunne ba. Ina ganin shirun da kake ji ba fushi ba ne. An ba ka amsa, kai ne kake jiran ta zo ta wata ƙofa.

Na san za ka ce ai Gidiyon ya nemi alama da ulu a masussuka, har sau biyu, Allah kuma ya ba shi. Gaskiya ne. Amma koma Mahukunta sura 6 ka karanta a natse. An riga an ce masa ya tafi, an yi masa alkawarin za a kasance tare da shi, tun kafin ya shimfiɗa ulun nan. A karo na biyu da bakinsa ya roƙi Allah kada ya yi fushi da shi. Haƙurin Allah ake nuna mana a wurin, ba a ce kowa ya nemi ulu ba.

Labarin da ya fi kama ni shi ne na Joshuwa sura 3. Lokacin girbi ne, Kogin Urdun ya cika ya tumbatsa. Firistoci ɗauke da akwatin alkawari suka nufi ruwan, ruwa kuwa bai tsaya ba sai da ƙafafunsu suka taɓa shi. Da sun tsaya a gaɓa suna jiran busasshiyar ƙasa, da suna nan. Haka Ibrahim ya bar Haran yana da shekara 75, bai san inda za shi ba. Bulus ma a tafe yake aka hana shi shiga Bitiniya, sai da ya kai Taruwasa ya ga wahayin mutumin Makidoniya. Mai tafiya ake nuna wa inda zai karkata.

Ni ma na ɗanɗani wannan. Ina matashi na shekara biyu ina addu'a a kan wata dattijuwa a ikkilisiyarmu da ciwo ya kwantar, ina ta cewa zan je in riƙa karanta mata Littafi Mai Tsarki in na ji a raina lokaci ya yi. Na je sau huɗu kacal kafin ta rasu. Har yau in na tuna, abin yana sosa mini rai. Ba rashin alama ne ya hana ni ba, tsoro ne da nauyin jiki na sa musu rigar addu'a.

Batun ajiye aiki kuwa, kada ka yi gaggawa. 1 Timoti 5:8 ta yi kashedi mai tsanani ga wanda ya ƙi kula da iyalinsa, kuma Allah ba zai ba ka kira da zai rushe nasa umarnin ba. Bulus da kansa ya yi ɗinkin tanti tare da Akila da Bilkisu a Koranti, yana wa'azi kowace Asabar. In har ranar barin aiki za ta zo, ba kai kaɗai za ka gan ta ba. A Antakiya ikkilisiya ce ta yi azumi da addu'a, ta ɗora wa Barnaba da Shawulu (wato Bulus) hannu, sannan ta sallame su.

Wani abu ya dame ni a wasiƙarka: ba ka ce ka gaya wa maiɗakinka ba. Shekara uku kana ɗauke da wannan nauyi, ita kuwa tana ganin fuskarka ba ta san dalili ba. Zauna da ita a daren nan. Bayan haka ka sami fastonka, ku bincika ƙa'idar ziyara a gidan yarin da ya fi kusa da kai, ko akwai masu zuwa ka bi su. Kai malami ne, a ciki akwai waɗanda ba su iya karatu ba, ka riga kana da abin bayarwa. Ware rana ɗaya a wata, ka riƙe ta wata shida ba fashi, sannan ka sake rubuto mini abin da ka gani.