Me Ya Sa Likitoci Ba Su Sauke Hawan Jinin Mahaifina Nan Take Ba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Mahaifina ya tashi sallar asuba sai ya yanke jiki ya faɗi, bakinsa ya karkace, hannunsa na dama ya daina motsi. Da muka kai shi asibiti awon jininsa ya nuna 200/110, amma likitoci ba su yi gaggawar sauke shi ba, kuma sun hana mu ba shi ko ruwan zamzam. Shin wannan ba sakaci ba ne? Akwai kuma wata allura da ke kare ƙwaƙwalwa a irin wannan hali? Daga wata mai karatu a unguwar Kurna, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Bisa bayanin da kika yi, ban ga sakaci ba, abin da na gani shi ne bin ƙa'ida.

Alamomin da kika faɗa na shanyewar ɓarin jiki ne, kuma ita iri biyu ce. Mafi yawanta tana faruwa ne idan gudan jini ya toshe wata jijiyar da ke shayar da ƙwaƙwalwa, ragowar kuma idan jijiyar ta fashe jini ya zuba a ciki. Alamominsu kusan ɗaya ne, ido ba ya iya rarrabe su, sai an yi hoton kai da na'urar sitisikan, irin wadda ake da ita a manyan asibitoci kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Maganin ɗaya na iya zama ajalin mai ɗayar, shi ya sa ba a ba da ko asfirin kafin hoton ya fito.

Idan toshewa ce, ki kwatanta ƙwaƙwalwa da gonakin noman rani na Kadawa a ranar da kwalbati ya toshe. Shukar da ta dogara kacokan da wannan hanyar ruwa za ta bushe cikin ɗan lokaci, amma wadda ke gefe tana samun ɗan laima daga ƙananan magudanan maƙwabta, ta yi yaushi ba tare da ta mutu ba. A ƙwaƙwalwa ma akwai sashen da ya riga ya mutu cikin mintuna, wanda babu likitan da zai dawo da shi, akwai kuma faffaɗan sashe kewaye da shi da ya daina aiki amma yana da sauran numfashi. Duk aikin da ake yi a ɗakin gaggawa domin wannan sashe na biyu ake yin sa. Hauhawar jinin da kika gani sau da yawa ƙoƙarin jiki ne na tura jini ta waɗancan ƙananan hanyoyi, kuma idan aka sauke shi farat ɗaya an rufe wa shuka mai yaushi ruwan da ya rage mata ke nan. Saboda haka a kwana ɗaya ko biyu na farko ana ƙyale shi matuƙar bai kai 220/120 ba, sai dai idan zuciya ko ƙoda na cikin haɗari. Idan za a yi wa majinyaci allurar narkar da gudan jini, dole ne a fara sauke shi ƙasa da 185/110. Idan kuwa hoto ya nuna zubar jini ne, hukuncin ya sauya, domin a nan ana sauke adadin sama na awon jinin zuwa wajen 140 a tsanake. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne a tsaya a kemis a saka wa mutum ƙwayar hawan jini ƙarƙashin harshe kafin a iso asibiti, da kyakkyawar niyya amma da mummunan sakamako.

Maganar zamzam kuma, ba ruwan ne matsalar ba, haɗiya ce. Da yawa daga cikin masu wannan lalura suna samun rauni a maƙogwaro a kwanakin farko, ta yadda ruwa ko kunu zai bi hanyar numfashi ya sauka a huhu ya haifar da ciwon namoniya, wanda ke cikin manyan abubuwan da ke kashe su. Ana iya yi masa addu'a a shafa masa ruwan a jiki, amma ba a zuba komai a baki sai ma'aikaciyar jinya ta gwada haɗiyarsa.

Sauran kariyar ba ta da armashi a idon 'yan'uwa, amma tana ceton ƙwaƙwalwa sosai. Ana tabbatar da iskar oksijin a jini ta wuce kashi 94 cikin 100, ana sauke zazzaɓin da ya haura digiri 38 domin zafi yana ƙara cinye sashen da ke jiran ceto, ana kuma auna sukari tun daga ƙofa, saboda faɗuwarsa kaɗai tana iya kwaikwayon shanyewar jiki, hawansa kuma yana faɗaɗa ɓarna.

Game da allurar kare ƙwaƙwalwa, masana sun shafe shekaru suna nemanta, kuma magunguna da dama da suka yi aiki a kan ɓeraye sun gaza a jikin mutane. Maganin sitikolin, wanda iyalai ke kashe kuɗi masu yawa a kansa, an gwada shi a wani babban bincike a Turai da aka fitar da sakamakonsa a 2012, bai nuna fifiko a kan rashinsa ba. Abin da ya tabbata yana aiki shi ne buɗe jijiyar da ta toshe, ko dai da allurar altifilas mai narkar da gudan jini cikin awa huɗu da rabi daga fara alamomi, ko ta zura siririn bututu ta jijiyar cinya a ciro gudan jinin, aikin da ya samu karɓuwa a duniya daga 2015 amma har yanzu yana da wuyar samu a ƙasarmu. An ƙiyasta cewa idan babbar jijiya ta toshe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 ke mutuwa a kowane minti, don haka awar da aka ɓata ana tsaga yatsu da allura ko ana jiran babban yaya ya iso daga kasuwa ba ta dawowa.

Yanzu ki tambayi likitocin Baba wane iri hoton ya nuna, da ranar da za a fara masa maganin hawan jini na dindindin, da lokacin da masu gashin ƙashi za su fara motsa masa hannu da ƙafa.