Kwana huɗu ya rage, ina so in fito a Black Panther: akwai dabara?

TAMBAYA: Salamu alaikum babban yaya. Ni ɗalibi ne a nan Yamai, ina zaune Bukoki. Ranar Asabar da marece muna da wani taro mu matasa masu son kartun da finafinan jarumai, kowa zai sa kayan jarumin da yake so, abin nan da ake ce ma kosple. Na yi ma abokaina alkawari zan zo a Black Panther, kuma wallahi yau Talata ban fara komi ba. Abin da ke hannuna 15.000 sefa ne. Na je wurin tela biyu duk sun ce ba su iya ɗinka irin wagga riga mai manne ma jiki. Akwai dabara ko dai in haƙura?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka haƙura, kwana huɗu ya isa, amma da sharaɗi guda: ka cire ɗinkin rigar nan daga ranka tun yanzu. Telolin da ka je wurinsu gaskiya suka faɗa maka kuma ka gode musu. Yadin da ake irin wagga riga da shi likra ne, yana jawuwa kamar danƙo, shi kuwa keken ɗinkin da yawancinmu muke takawa da ƙafa ɗinki miƙaƙƙe kawai yake yi, to in ka ɗinka yadi mai jawuwa da miƙaƙƙen ɗinki, yadin zai miƙe zaren ba zai miƙe ba, kana ɗaga hannu ka ji ƙarar tsinkewa a hammata. Sai keke mai zigzag da allura mai dakusasshen baki, sannan a gwada a jikinka sau biyu ko ukku. Na yi shekaru ina ɗinka kayan wasan kwaikwayo da na bukin lakkwal, ni kaina ba zan karɓi wannan aiki a kwana huɗu ba.

To mi za ka sa? Gobe Laraba da sassafe ka shiga wurin masu gwanjo, ko Wadata ko Babbar Kasuwa, ka nemi baƙar rigar ƴan wasanni mai dogon hannu, irin wadda ƴan ƙwallo suke sawa a ƙarƙashin rigarsu, da baƙin wando mai kama jiki na ƴan gudu, da baƙar safar hannu. Wadda ba rubutu ko ɗaya, in ma akwai ɗan tambari ƙarami sai ka juya ta ciki waje. Abu guda da mutane ba su lura da shi: baƙi kala-kala ne. Ka fito da rigar da wandon cikin rana ka haɗa su kusa da juna kafin ka biya, don a cikin rumfa duk baƙi ne amma a hoto sai ka ga ɗaya ya yi ja-ja ɗaya ya yi shuɗi-shuɗi. Kada wannan sayayya ta ci maka fiye da rabin kuɗinka.

Dalilin da ya sa na ce ka yi haka, ka rufe ido ka tuna jarumin nan, mi kake gani? Fuskar damisa mai ƙananan kunnuwa biyu da fararen idanu, sai sarƙar farata ta azurfa a wuya. Shi ke nan. Da su ake gane shi tun daga nesa, sauran duk baƙi ne kawai. A nan za ka zuba kwanakinka, kuma tunda su ne masu buƙatar kol, wato gam, da fenti, su ne za ka fara, don a aikin gaggawa abin da ke cinye lokaci shi ne jiran abu ya bushe, hannunka na iya sauri amma fenti ba ruwanshi da saurinka.

Daga wurin gwanjo ka wuce Katako, ai kusa da ku ne. Ka tambayi inda masu gyaran takalmi suke sayen kayan aiki, ka ce kana son robar nan mai laushi da ake yanka ƙasan silifa da ita, ana sayar da ita falle-falle. Ita ce dai wadda masu kosple na ƙasashen waje suke kira EVA suna yin sulke da kwalkwali da ita. Ka samu baƙa, mai kaurin kamar milimita 5 don fuska, in akwai siririya ta milimita 2 ka ɗan ƙara don ado. Sai kol ta masu takalmi, wato gam ɗin nan rawaya mai ƙarfin wari, da farar kol ta kafintoci, da fenti na fesawa kalar azurfa gwangwani guda, da skoc mai faɗi, da sabbin reza da yawa don roba tana kashe kaifi da wuri, reza marar kaifi kuma yagar roba take yi ta bar maka baki kaca-kaca. Kada ka yarda wani ya ce ka yi amfani da farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin firji ko talabijin, fenti na fesawa narkar da shi yake yi nan take, na taɓa rasa aikin kwana biyu a haka ina tsaye ina kallo.

Yanzu fuskar, ka natsu a nan. Ka samu aboki ya taimaka maka, kada ka yi kai kaɗai. Ka sa leda a kanka ta rufe gashi da goshi da kumatu, amma hanci da baki a buɗe, wannan ba wasa ba ne leda tana kashe mutum. Abokin ya bi kan ledar da skoc har ya yi kamar hula mai tauri, rabin kai kawai ya isa tunda dama da hagu iri ɗaya ne. Ya zana layin tsakiya daga goshi zuwa ƙeya, ya zana wurin ido, sannan a cire a hankali. Ka raba rabin nan gida ukku ko huɗu da almakashi, yadda kowane yanki zai kwanta shimfiɗe a ƙasa, in wani ya ƙi kwanciya ka ɗan tsaga shi a gefe. Kafin ka yanka ka ja ƴan gajerun layuka a tsallake inda za ka raba, ka sa musu lamba 1, 2, 3, su ne za su nuna maka inda kowane baki zai haɗu da ɗan'uwanshi. Ka ɗora su kan roba ka zana, ka juya su ka zana na ɗaya ɓangaren, kuma ka ƙara kamar rabin santimita a layin tsakiya saboda kaurin robar yana cinye wuri, in ba haka ba fuskar za ta matse ka har kanka ya yi ciwo. Haɓa da baki ka yi su daban daga baya, yanki guda mai lanƙwasa, ka huda ƴan ramuka a ƙarƙashin hanci don numfashi.

Kafin ka manna, ka lanƙwasa kowane yanki da zafi. Robar nan in ta ji zafi tana laushi, in ta huce kuma ta riƙe siffar da ka ba ta. Dutsen guga ya isa, ko na gawayi ne in an ɗauke kuran, ka shimfiɗa tsumma a kai ka ɗan danna, sannan ka ɗora ta a gwiwarka ko bayan ƙwarya ka riƙe har ta huce. Ita kuma kol ta masu takalmi, yawancin masu farawa a nan suke ɓata aiki, suna shafawa su haɗa nan take sai abu ya yi ta zamewa. Ka kalli yadda mai gyaran takalmi yake yi: ya shafa siriri a baki biyun, ya ajiye ya yi hira kamar minti goma har sai ya taɓa bai manne ma yatsa ba, sannan ya haɗa. In ta kama ta kama, ba gyara, saboda haka ka fara daga lamba ɗaya ka bi a hankali. A tsakar gida za ka yi wannan inda iska ke kaɗawa, nesa da murhu da gas da mai shan taba, don tana kama wuta kuma warinta yana juya kai. Na san za a ce maka ka sayi bindigar kol mai zafi ta fi sauri. Ni ban yarda da ita ba a garin nan, baƙar roba in ta sha ranar Yamai kol ɗin nan sake laushi take yi, sai ka ga kunne ya faɗi a tsakiyar taro, ga shi kuma sai da kuran take aiki.

Idanu kuwa, guntun farin gidan sauro ninki biyu ko ragar taga, ka manna ta ciki. Ka shafa ma ɓangaren da ke kallon idonka baƙi da alƙalamin nan mai kaurin baki da ake ce ma maka, na waje ka bar shi fari, za ka ga mutane sarai su ba su ganin idonka. Kunnuwa ƙanana ne, ƴan kusurwa ukku, kada ka yi su manya sai a ce Batman.

Duk wannan ya kamata ya ƙare daren Laraba, ko a makara hantsin Alhamis. Ranar Alhamis ɗin sai sarƙa. Ka yanka farata daga robar, na tsakiya su fi tsawo suna raguwa zuwa kafaɗa, ka sassaƙe gefensu da reza su yi tudu a tsakiya. Kada ka yi su da gwangwanin lemo duk da ƙyallinshi yana ruɗi, yankan wuya yake yi. Robar nan shan fenti take kamar ƙasa ta sha ruwa, don haka sai ka fara toshe ta: farar kol ta kafinta da ɗan ruwa kaɗan, ka shafa, ta bushe, ka sake, sau biyu ko ukku. Sannan azurfa, fesawa sama-sama daga nesa kamar taƙi guda, ka bari ta sha iska ka ƙara. In ka zuba da yawa lokaci guda sama zai bushe ciki na danye. Wata shekara da damina na yi ma wani yaro fentin sulke daren wasa, da safe a ido ya bushe, yana sawa zufa ta taɓa shi duk wuyanshi ya koma azurfa, ranar ban ji daɗi ba ko kaɗan don yaron ya daɗe yana jiran wasan nan. Tun daga lokacin ba ni fesa komi in bai samu cikakken yini da kwana kafin a sa shi ba. Kai ma fenti na ƙarshe daren Alhamis ne.

Layukan azurfa na jikin riga kada su ɗauke maka hankali, kaɗan ya isa, a kafaɗa da ƙirji da damtse. Ka sa rigar a jikinka aboki ya zana da alli, ka cire ka cusa kwali a ciki har ta miƙe daidai faɗin jikinka sannan ka bi layin da fenti da ɗan buroshi. In ka fenta ta a sake, kana sawa fentin zai tsattsage. Faratan hannu kuma bakin cokalin roba, ka yanka ka goge tsinin ka manna a safar.

Wani abu da nake so ka sani don ka daina jin kamar naka na talaka ne. Jarumin nan tun 1966 Stan Lee da Jack Kirby suka ƙirƙiro shi a littattafan Marvel, amma kayan fim ɗin 2018 wata mata ce Ruth Carter ta tsara su, har ta ci kyautar Oscar a kansu, kuma daga tufafin Afirka ta ɗebo, cikinsu har da na Buzaye. To kai da kake zaune garin da maƙeran azurfa da dukawa suke aiki a gidan tarihi na Boubou Hama kullum, in ka ɗan zana irin ƴan kusurwoyin nan na jikin kayan fatarmu a goshin fuskar da bakin ƙusa mai zafi, ba ka kauce hanya ba, kuma naka zai bambanta da na kowa.

Juma'a bayan an sauko masallaci ka sa komi gaba ɗaya, ka zauna, ka tsuguna, ka ɗaga hannu, ka yi minti ashirin a ciki. A nan za ka gane inda ke matsewa da inda ke ɓallewa, kana da sauran dare guda na gyara. In fuskar ta ƙi shiga, tsaga ta ta ƙeya ka sa lastik mai faɗi. Sarƙar kuma ka ɗinke ta a kafaɗar riga da zare wuri biyu don kada ta riƙa juyawa.

Ranar Asabar ka sa fuskar a jaka, ka ɗora wata riga a sama, sai ka isa wurin ka sa. Kada ka hau kabu-kabu da ita, ba ka ganin gefe, kuma a halin da ake ciki na tsaro mutum da rufaffiyar fuska a titi neman magana ne. Roba ba ta fitar da zufa, ga baƙaƙen kaya, saboda haka duk bayan kamar kwata ka cire ka sha ruwa, in ka ji jiri ka nemi inuwa ka zauna kada ka ce sai an gama hoto. A aljihun jakar ka sa ragowar kol a ƴar kwalba, da allura da baƙin zare, da fil huɗu ko biyar, da farce guda biyu na ajiya da ka fenta tare da sauran, don na gefen kafaɗa su suka fi saurin ɓallewa in abokai sun fara rungumarka.