Shin ajiye 'yan tsanar Karagoz a gidan tarihi ya isa ya raya wasan?

Malam, ka tambaya ko adana kayan wasan inuwa na Turkiyya, wato Karagoz, a gidan tarihi ya wadatar wajen raya shi. A ganina bai wadatar ba, domin ran wannan wasa yana bakin mai yinsa ne da hannunsa.

Ana yanka 'yan tsanar daga fatar raƙumi ko ta shanu, a kankare ta har haske ya riƙa ratsawa, a rina ta, sannan a manna su da sanduna a bayan farin ƙyalle da fitila. Mutum ɗaya ne, wanda ake kira hayali, yake motsa su kuma yake sauya murya ga kowa: Karagoz talaka mai faɗin gaskiya ba kwana-kwana, da Hajibat mai ilimi da fankamar lafazi. Yawancin barkwancin nan take yake ƙirƙirarsa, yana zolayar al'amuran yau, kuma wannan gwaninta sai a gaban maigida ake koyonta shekara da shekaru.

UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya wasan cikin gadon al'adun ɗan Adam a 2009, birnin Bursa na Turkiyya kuma yana da gidan tarihin Karagoz inda har yanzu ake nuna shi. Na yaba da hakan matuƙa. Sai dai abin da ya fi damuna shi ne almajirai: in ba a tallafa wa matasa su samu abinci da sana'ar ba, kuma ba a ci gaba da gayyatar masu wasan a dararen azumi da bukukuwan kaciya kamar zamanin Daular Usmaniyya ba, ƙwararrun za su tsufa babu magada.