Tambayoyinku: wari, hayaƙi da albasa

Wani ɗalibi daga Agege a Legas mai shirin WAEC ya ce malaminsu na Turanci ya koya musu give off, shin mene ne Hausarsa?

Ba ɗaya ba ce, kuma kada ka wahalar da kanka neman ɗaya. Bature ya riƙe fi'ili guda yana maƙala masa ƙananan kalmomi, shi ya sa give off ya ɗauki wari da hayaƙi har da zafi. Mu kuwa a sunan warin muka zuba ƙwarewarmu. Ka bi ta mayankar Oko-Oba da ke nan Agege da hantsi, abin da zai bugi hancinka ƙarni ne, na jini da ɗanyen nama. Inda ake babbaka ganda kuma ƙauri ne. Ƙarƙashin gadar da ake tsugunawa, zarni. Jujin Olusosun da ke Ojota, ɗoyi. Amma yaran yanzu duk "wari" suke cewa, har na ji wata ta ce tuwonta yana warin ƙonewa. Haba baiwar Allah, ƙauri ya yi! Wanda bai rarrabe waɗannan a harshen da ya tsotsa ba, ban ga yadda zai rarrabe na Turawa a zauren jarrabawa ba. Ka lura kuma da "ji" muke amfani, mu ce na ji ƙamshi, sai in da gangan ka kai hanci, sannan ka sansana.

Wani direba daga Mile 12 ya tambayi bambancin hayaƙi ya tashi da ya turnuƙe.

Na risho tashi yake yi. Wanda ya rufe sararin Ojota lokacin gobarar jujin nan a watan Maris na 2018, har masu mota ba sa ganin gabansu, shi ne ya turnuƙe.

Wata 'yar'uwa daga Idi-Araba: die down fa?

Lafawa. Hayaniya ta lafa, ba ta mutu ba.

Wani mai shago a Obalende yana son ma'anar "kada ka ci albasa da bakina".

Wanda ya ci albasa shi warin ke bi. To idan mutum ya je ya faɗi magana mai nauyi ya ce kai ka faɗa, ya ci, ya bar ka da warin. Ana faɗarta ga mai jingina maka zancen da ba naka ba. Waɗanda ke sa ta a kan rowar abinci su daina.