Tsohuwar mota da ruwan Agusta: amsoshin wasiƙunku

Tambaya daga wani ƙauye kusa da Ringim: Malam, ina da Fijo 504 da na gada wurin mahaifina. Tun da damina ta kankama, duk safiya sai in tarar da kafet ɗin gefen direba sharkaf. Wani ya ce in sayi silikon in bi gefen gilashin gaba da shi, wani ya ce in sauya robar gaba ɗaya. Wanne zan saya?

Allah Ya ji ƙan Baba. Ɗan'uwa, bar kuɗinka a aljihu tukuna, don har yanzu ba ka san ta ina ruwan yake shiga ba. Ruwa a mota yakan shiga ta can sama, ya bi bayan ƙarfe ko waya, ya ɗiga a wani wuri dabam, sai a ɗora wa gilashi laifin da ba nasa ba.

Ka ɗage kafet ɗin gaba ɗaya, har da soson da ke ƙarƙashinsa, ka shanya su. Idan ƙasan ya bushe, ka barbaɗa hoda a wuraren da kake zargi. Sai ka shiga ciki da tocila, ka rufe ƙofofi, yaro ya ɗauki buta yana zuba ruwa daga waje. Ya fara daga ƙasan ƙofa yana hawa sannu a hankali, rufi ne na ƙarshe. In ya fara ta sama, ko'ina zai jiƙe, ba za ka gane komai ba. Inda ruwa ya bi, za ka ga sawunsa a kan hodar.

Abin da na fi zargi shi ne magudanan da ke ƙarƙashin ragar nan ta gindin gilashi, inda waifa suke. Ƙurar hunturu da ganyen darbejiya suna taruwa a wurin tsawon rani, ruwan farko ya mayar da su taɓo, ramin ya toshe, ruwa ya kwanta har ya malala ciki ta hanyar iska. Waya mai laushi da ruwan buta sun isa buɗe shi, ko sisi ba za ka kashe ba. Haka nan ƙananan ramukan da ke ƙasan kowace ƙofa. Ka girgiza ƙofar, in ka ji ruwa na kaɗawa a cikinta, sun toshe.

To, in ta tabbata robar gilashin ce. Tun 1975 kamfanin PAN na Kaduna ya fara harhaɗa Fijo, saboda haka akwai 504 da robarsu ta sha ranar arewa shekaru da yawa. Irin wannan roba ta ƙanƙance, ta tsattsage, ba man da zai farfaɗo da ita. Sauyawa ya fi. Ka nema a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ka lanƙwasa ta a hannunka kafin ka biya: in ta nuna farin tsaga ko ta yi tauri kamar busasshiyar fata, ka ajiye musu kayansu, ko da sabuwa ce a leda. Ranar da za a cire gilashin kuma ka tsaya a wurin, ka duba leɓen ƙarfen da robar ke zama a kai. In tsatsa ta huda shi, aikin mai walda ne kafin na mai gilashi.

Silikon ɗin gini mai warin tsami kuwa, ban yarda da shi a jikin mota ba. Tsamin nan yana cin ƙarfe, fenti ba ya kama kansa, kuma yakan kulle ruwa a ciki tsatsa ta yi ta aiki a ɓoye. In liƙi ya zama dole, ka tambayi wanda aka yi don gilashin mota. Kada kuma ka bari a shafa wa roba baƙin mai wai don ta yi laushi. Kumbura take yi ta lalace.

Tambaya daga wani direba a Ɗambatta: Ina fita da asuba da fasinja. Gilashi sai ya yi gumi ta ciki, ba na ganin hanya sai ina gogewa da hula. Akwai wani ruwa da ake sayarwa a kwalba wai yana hana hakan, in saya?

Yana ɗan taimakawa na 'yan kwanaki. Ɗigon sabulun wanke kwano da aka shafa siriri, aka goge da busasshen ƙyalle, kusan aikin da zai yi ke nan. Amma gumin nan danshin cikin mota ne ya taɓa gilashi mai sanyi ya kwanta. Numfashin fasinja yana kawo shi, jiƙaƙƙen kafet ya fi kawo shi, don haka ka karanta amsar da ke sama, taka ce ita ma. Ka sauke gilasan gefe kamar yatsa biyu. In esi na aiki, ka kunna shi ka juya iskar kan gilashi, domin yana tsotse danshi, ka kuma kashe maɓallin da ke juya iskar ciki. Hular ma ka bar ta a kai, maiƙon gashi take shafa wa gilashin, gobe gumin ya fi kamawa.

Abu guda ka lura da shi: in gumin yana da santsi, da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, ruwan lagireto kuma yana raguwa, to tukunyar hita da ke bayan dashbod ce ke yoyo. Ka kai wa bakanike. A nan da yawa haɗe bututun biyu suke yi su tsallake ta.

Tambaya daga Gumel: An yi mini tallan wata 'yar mota mai jikin faiba, injin motar Volkswagen Beetle a baya, rufin tamfol. Mai ita ya ce ba ta tsatsa har abada. In saya?

Alhaji, rabin gaskiya ya faɗa maka. Irin waɗannan motoci a gida ake haɗa su: a sayi jiki da kayan haɗi, a ɗora a kan ƙashin wata motar. Siffar da ka bayyana ta fi kama da zuriyar Meyers Manx, wadda Bruce Meyers ya ƙera a Kalifoniya ta Amurka a 1964. Faiba ba ta tsatsa, gaskiya ne, amma farantin da take zaune a kai ƙarfe ne, kuma ruwan da tamfol ya bari ya shiga a kansa yake kwana. Yawanci ma yanke farantin ake yi a rage tsawonsa a sake walda. Ka sa a ɗaga motar, ka ga waldar da idonka, ka soki ƙasan da sukundireba. Ka duba lambar shasi da aka buga a kan tudun da ke tsakiyar farantin daga baya, ta dace da ta takardu.

Injin Beetle iska ke sanyaya shi, ɗumin da ake hura wa gilashi kuwa daga jikin salansa ake ɗaukowa. In wurin ya huje, hayaƙi mai kisa ne zai shigo maka. Yoyo kuma ka sa a ranka za ta yi shi duk damina, komai gyara. In don yawon Sallah ne kuma kana da rumfar ajiye ta, ka taya da rahusa. In don zuwa kasuwar Maigatari ne duk Alhamis, ka nemi wata motar.