Muryar Yaya: Wai da gaske akwai masu bauta wa Thor har yanzu?

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da dare. Ƙanwata, na ji muryar da kika turo tun la'asar, ina kan hanya ne shi ya sa ban amsa ba. Kin ce yaronki ya gaya miki wai wannan Thor mai guduma da yake kallo a fim, akwai Turawan da ke bauta masa har yau, kina tambaya ko gaskiya ne ko shirmen yara. To, yaron bai yi ƙarya ba. Akwai su, na gan su da idona. Amma ki daure ki saurare ni har ƙarshe, don maganar tana da ɗan tsawo.

Kin ga Thor ba masu fim ne suka ƙirƙiro shi ba. Abin bautar mutanen arewacin Turai ne tun kafin Kiristanci ya je musu, shi ne na tsawa da aradu, babansa kuma Odin, mai ido ɗaya da hankaki biyu. Sunan ranar Alhamis a Turanci ma daga sunan Thor aka samo shi. A tsibirin Aislan, wajajen shekara ta 1000, majalisarsu ta zauna ta yanke cewa kowa ya koma Kirista. Daga nan tsohon addinin ya fara mutuwa. Sai a 1972 wani manomi mawaƙi, Sveinbjörn Beinteinsson, da abokansa suka kafa ƙungiya don farfaɗo da shi, gwamnati ta yi musu rajista a 1973. Yanzu sun haura mutum 5,000 a ƙasar da duka jama'arta ba su wuce 400,000 ba, suna ɗaura aure, suna jana'iza. A Ingila da Wales kuwa, ƙidayar 2021 ta nuna kusan mutum 74,000 sun rubuta cewa su masu bin addinan gargajiya ne iri-iri, ba na Thor kaɗai ba. Amurka ma tun 2013 ta yarda a zana gudumar Thor a kan kabarin sojanta idan addininsa ke nan.

Yauwa, ga inda nake so ki gane. Tsakanin mutuwar addinin da farfaɗo da shi kusan shekara dubu ce. Babu kaka da ta koya wa jika, babu malami da ya karɓa daga malami. Sarƙar ta tsinke. Babban littafin da suke dogara da shi ma, Edda, wani Kirista ne Snorri Sturluson ya rubuta shi wajajen 1220, shekara ɗari biyu bayan an daina bautar, kuma don koyar da waƙa ya rubuta shi, ba don koyar da ibada ba. To mutumin da yake son ya yi bauta, amma ba shi da wanda zai nuna masa yadda ake yi, da me zai cike gurbin? Da abu biyu na ga suna cikewa: mafarki, da abin da suka kalla ko suka karanta.

Lokacin da nake aiki a Ingila, akwai wata Baturiya da muke aikin dare tare, ba ta wuce shekara talatin ba. Kullum da wata 'yar sarƙar azurfa a wuyanta, ni duk zatona gicciye ne aka juya shi. Wata rana muna shan shayi na tambaye ta, ta ce a'a, gudumar Thor ce. Amma ta ce wanda ta fi kusa da shi Loki ne, wani daga cikin allolin labaran nasu. Na ce ta yaya? Ta ce bayan rasuwar mahaifinta ta daɗe ba ta iya barci, sai ta fara mafarkin wani mutum dogo, mai baƙin gashi har kafaɗa, da koren tufafi, yana zaune bakin gadonta ba ya cewa komai. Dare uku a jere. Ta shiga intanet ta ba da labarin, mutane suka ce mata ai Loki ne yake kiranta. Ta nuna mini hoton wani lungu a ɗakinta a waya: ɗan tebur, kyandir kore, ƙaho da take zuba giyar zuma a ciki, da wasu duwatsu da ta tsinto a bakin teku.

Wallahi ƙanwata, da ta siffanta mutumin nan, sai na ga ɗan wasan fim ɗin sak. Tom Hiddleston, wanda ya fito a matsayin Loki a fim ɗin 2011. Na ce mata, kafin mafarkin kin kalli fim ɗin? Ta ce sau da yawa ma. Kuma ba ta ji kunya ba. Cewa ta yi ai allolin suna zuwar wa mutum ne da fuskar da zai gane, fim ɗin ƙofa ce kawai. Na daɗe ina juya wannan amsar a raina, don matar ba mahaukaciya ba ce, mai hankali ce, mai riƙon amana a wurin aiki. Maraici ne ya kama ta, ba ta da masallaci, ba ta da coci, ba ta da dangin da za su cika gida kwana bakwai suna yi mata gaisuwa. Tausayi ta ba ni ƙwarai.

Kuma ki duba yadda fim ya sauya abin. Kamfanin Marvel ya fara fitar da Thor a littafin zane ne a 1962, ya yi shi mai gashi ruwan zinare. A tsofaffin labaran kuwa jan gemu gare shi. A fim Loki ɗan riƙon Odin ne, ɗan'uwan Thor. A tsohon labari kuwa shi da Odin ne suka haɗa jini suka zama 'yan'uwa. Abin da ya fi ba ni mamaki, masu bincike ba su sami wata shaida ba cewa mutanen wancan zamanin sun taɓa bauta wa Loki, ba gari mai sunansa, ba wurin bautarsa. A labarin shi ne sanadin mutuwar Baldr ɗan Odin, shi ne kuma zai yaƙi sauran alloli a ƙarshen duniyarsu. Amma bayan finafinan nan, matasa da yawa a shafin sada zumunta na Tumblr suka fara kiransa abin bautarsu.

Su kansu rigima suke yi a kan wannan. Masu riƙo da tsofaffin littattafai suna ganin yaran nan fim suke bauta wa. Har suna da wata kalma da suke taƙaitawa UPG, ma'anarta sanin da mutum ya samu shi kaɗai, ta mafarki ko ta jin zuciya, wanda ba a tabbatar ba. Idan mutane da yawa suka ga abu iri ɗaya, sai su ce ya ƙara ƙarfi. Ni kuma a nan na tsaya. Idan mutum dubu sun kalli fim ɗaya, suka kwana suka yi mafarkin fuska ɗaya, wannan ba shaidu dubu ba ne, shaida ɗaya ce, ita ce fim ɗin. Wasunsu kuma ba su ma yarda akwai allolin a zahiri ba. Shugabansu na Aislan, Hilmar Örn Hilmarsson, ya taɓa gaya wa 'yan jarida cewa labaran misalai ne na waƙa a wurinsu, ba wai wani mai ido ɗaya ne ke yawo a kan doki mai ƙafa takwas ba.

Neman abin bauta a mafarki kuwa tsohon abu ne. A Girka ta da, marasa lafiya sukan je garin Epidaurus su kwana a ɗakin bautar Asklepios, abin bautarsu na warkarwa, suna jiran ya zo musu cikin barci ya faɗa musu magani. Mu ma a nan mun san yadda iska ke ɗaukar kamannin zamani. A ƙasar Nijar, wajajen 1925, yankin Filinge, aka sami sabbin iskoki da ake kira Babule ko Hauka, waɗanda idan sun hau mutum sai ya riƙa fareti yana sara wa mutane kamar sojan Faransa, akwai kwamanda, akwai gwamna. Abin da idon mutane ya cika da shi a lokacin ke nan. Na waccan matar kuma fim ne ya cika mata ido.

A wurinmu dai hukuncin a fili yake, bautar wanin Allah shirka ce, Allah Ya tsare mu da zuriyarmu. Kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya raba mana mafarki gida uku: na bushara daga Allah, na tsoratarwa daga Shaiɗan, da wanda mutum ya wuni yana saƙa abu a ransa ya kwana ya gan shi. Ni a ganina mafi yawan abin da ta ba ni labari na ukun ne.

Don haka kada ki dake shi, kada ki ƙwace wayar a daren nan. Yaron da ya ji abu ya kawo wa uwarsa, ai ya yi daidai. Ki tambaye shi a ina ya ji, wa yake hira da shi a intanet, ko akwai wani zaure da ya shiga. Ki kuma lura ko yana karanta addu'ar barci. Ranar Asabar in Allah Ya kai mu zan shigo bayan azahar, ki ce masa kawunsa yana so su kalli fim ɗin tare, zan nuna masa inda masu fim suka sauya labarin. A gaida maigidan. Sai da safe.